Jan Ƙarfe da Azurfa a Gaban Iskar CO2

A jadawalin da masana kimiyya suka jera sinadarai, jan ƙarfe da azurfa 'yan ɗaki ɗaya ne. Jan ƙarfe na sama, azurfa na ƙarƙashinsa, zinare na ƙarƙashinta. A cikin ƙarafa kaf babu wanda wutar lantarki ke bi da sauƙi kamar azurfa, jan ƙarfe ne ke rufa mata baya. Duk wanda ya san wannan dangantaka zai zaci in an ba su aiki ɗaya, abu ɗaya za su fitar. Sai ga wani aiki da ya raba musu hanya, har shekara arba'in ke nan masu bincike na kai-kawo a tsakaninsu: aikin juya iskar kabon dayoksaid, wadda ake rubutawa CO2, ta zama wani abu mai amfani ta hanyar wutar lantarki.

CO2 ita ce abin da ke saura bayan an ƙone itace, gawayi, fetur ko gas. Ƙarfin da ke cikin makamashin ya riga ya fita, shi ya sa ba ta kama wuta, ba ta kuma son haɗuwa da komai. Mai neman dawo da ita baya sai ya mayar mata da ƙarfin da aka cire. Tunda wutar hasken rana da ta iska sun yi araha a ƙasashe da dama, sai tunani ya zo: me zai hana a kama CO2 daga hayaƙin masana'antar siminti ko ta takin zamani, a ɗura mata wannan wutar, a samu kayan da yau sai daga rijiyar mai ake samun su?

A ɗakin gwaji na'urar ba ta da wani kwarjini. Kofuna biyu ne na gilashi da aka haɗa da ɗan bututu, a tsakiyar bututun akwai siririyar fata mai raba ruwan biyu. Ana zuba ruwan gishirin bayikabonet a kowanne, a tsoma farantin ƙarfe a nan, a tsoma wani a can, a yi ta busa CO2 cikin kofi ɗaya har ruwan ya ƙoshi, sannan a kunna wuta. A ɗaya kofin ruwa na tsagewa, oksijin na fita. A wannan kuwa ƙananan kumfa na taruwa a jikin farantin suna ɓallewa sama, wani siririn tiyo na kwashe iskar zuwa injin da ke tantance abin da ke cikinta. Wannan farantin, da ake kira ilaktirod, shi ke miƙa wa CO2 ƙwayoyin lantarki, wato ilaktiron. Ƙarfen da aka yi shi da shi ne ke yanke abin da zai fito.

Akwai ƙaya biyu da kowane ƙarfe ke takawa a nan, ko wane ne shi. Ta farko, CO2 ba ta narkewa sosai a ruwa. Lita guda ba ta ɗaukar fiye da kimanin giram 1.5 a yanayin ɗaki; lemon kwalba na riƙe fiye da haka ne don an danne iskar da ƙarfi, da ka buɗe murfi ta fara gudu. Saboda haka farantin kan cinye CO2 ɗin da ke kusa da shi kafin wata ta iso. Ta biyu, ruwan kansa yana son ilaktiron ɗin, in ya samu sai ya ba da iskar haidirojin. Ga kowace ƙwayar CO2 da ta narke akwai ƙwayoyin ruwa sama da 1,500 a kewaye da ita. Farantin kirki shi ne wanda zai kau da kai daga wannan cincirindo, ya zaɓi baƙuwar da ke tsakiya.

Mutumin da ya fara jera ƙarafa ya gwada su da ma'auni ɗaya shi ne Yoshio Hori na Jami'ar Chiba a Japan, tun daga 1985. Ya tarar sun kasu gida huɗu. Dalma, kuza, zaiba da makamantansu na ba da fomet. Baƙin ƙarfe, nikel da filatinam kusan haidirojin kawai suke zubarwa. Zinare, azurfa da tutiya na ba da kabon monoksaid, wato CO, iskar nan mai guba da ke cikin hayaƙin janareta. Gida na huɗu mutum ɗaya ne a cikinsa: jan ƙarfe. A ma'aunin Hori, cikin kashi 100 na wutar da ta shiga farantin azurfa, kimanin kashi 81 ya tafi wajen yin CO, kimanin 12 wajen haidirojin. A jan ƙarfe kuwa kashi 33 ya zama iskar metan, kusan 26 etilin, kusan 6 etanol, 9 fomet, 20 haidirojin, ga 'yan ƙananan abubuwa a gefe. A 2012 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka sake ƙirgawa da na'urori masu kaifi, suka samu abubuwa 16 daban-daban na fitowa daga faranti ɗaya na jan ƙarfe.

Dalilin wannan rabuwa yana ga riƙo. Duka ƙarafan biyu da CO suke farawa: su cire wa CO2 oksijin ɗaya, CO ta zauna a fuskar ƙarfen. Daga nan sai halin kowa ya fito. Ka duba awartakin maƙeri: in bai riƙe ƙarfe da kyau ba, ba za a samu a buga masa guduma ba, in ya riƙe ya ƙi saki, aiki na gaba ba zai shigo ba. Azurfa riƙonta sako-sako ne, da CO ta samu sai ta suɓuce ta tashi. Filatinam da nikel riƙonsu ya yi tsanani, CO kan manne ta toshe fuskar, sai ruwa ya samu fili. Jan ƙarfe ne ya faɗo a tsakiya. Yana riƙe CO har a ƙara mata ilaktiron da haidirojin, har ma biyu su haɗu kabon ya ƙulla da kabon, sannan ya sake su. Wannan ƙulli na kabon da kabon shi ne abin da babu wani ƙarfe tsantsa da ke yin sa da yawa in ba jan ƙarfe ba. Bajintarsa ke nan, kuma daga nan ne duk wahalarsa ta taso.

A fara da tsabtar kaya. Azurfa abu ɗaya take yi, kuma an koya mata ta yi shi da kyau. A 2014 a Jami'ar Delaware, Feng Jiao da abokan aikinsa suka narka azurfa da alminiyam, suka cinye alminiyam ɗin da asid, ya rage azurfa mai ƙananan ramuka. Ta ba da CO kimanin kashi 92. Yau wuce kashi 90 a kan azurfa ba labari ba ne. Ko ɗan abin da ya ɓace mata ma bai ɓace ba, domin haidirojin ne, kuma gaurayen CO da haidirojin kaya ne da masana'antu ke nema da kuɗinsu. Jan ƙarfe kuwa komai aka yi masa sai ya gauraya. Wasu kayansa iska ne, sai an tace su daga CO2 ɗin da ba ta juyu ba. Wasu ruwa ne, kamar etanol da asetet, sun narke 'yan kaɗan a cikin ruwan gishiri, sai an dafa an tatsa kafin a raba su. Kowace tacewa makamashi ne, kuma ba a cika sa ta a kanun rahoto ba.

In aka koma ga darajar kayan, ma'auni sai ya karkata ɗaya gefen. CO rabin hanya ce. Babu mai sayen ta don kanta sai masana'anta, ga ta guba, jigilarta zuwa nesa haɗari ne. Sai an haɗa ta da haidirojin an bi da ita ta wata matatar kafin ta zama metanol ko man jirgi, misali ta hanyar da Franz Fischer da Hans Tropsch suka samar a Jamus a 1925, wadda kamfanin Sasol ya daɗe yana aiki da ita a Afirka ta Kudu, kuma ita ce ke aiki a matatar gas ta Escravos a Jihar Delta. Etilin kuwa kaya ce gamammiya. Ita ce uwar leda da jarka da robar ɗebo ruwa, ana yin sama da tan miliyan 150 nata kowace shekara, ta hanyar gasa mai ko gas a zafin da ya haura digiri 800. Farantin da zai fitar da ita kai tsaye daga CO2 da ruwa, a zafin ɗaki, ya tsallake masana'antu biyu ko uku. Wannan ne ya sa masu bincike suka kasa haƙura da jan ƙarfe duk da rikicinsa, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai kuɗin wuta, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya. Yin ƙwayar CO ɗaya na cin ilaktiron 2. Metan na cin 8, etilin 12, etanol ma 12. An yi dace nauyin ƙwayar CO da na etilin ɗaya ne, saboda haka kilo ɗaya na etilin na buƙatar wuta ninki shida na kilo ɗaya na CO. Lissafin ba shi da wuya. In na'ura na aiki a kan bolt 3 kuma babu ilaktiron ɗin da ya ɓace, kilon CO zai ci kusan yunit 6 na wuta, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa, kilon etilin kuma kusan 34. In kashi 70 ne kawai na wutar ke zama etilin, abin ya doshi yunit 50. Etilin ɗin da ake yi daga mai kuwa yawanci kilonta na kewayen dala ɗaya ne ko ƙasa. Ke nan da zarar yunit ya wuce santi 2 na dalar Amurka, kuɗin wuta kaɗai ya cinye kuɗin kayan, ba a zo kan gini da albashi ba.

Adalci ya ce a ƙara da cewa azurfa ba ta tsira daga wannan bashi ba, ɗage shi ta yi. In etilin ko man jirgi ake nufi, sauran ilaktiron ɗin sai an biya su a wani wuri, wajen tsaga ruwa don samun haidirojin. Abin da ya sauƙaƙa mata shi ne na'urar tsaga ruwa tsohuwar sana'a ce, tana aiki a kusan bolt 2, kuma kusan duk wutar da ta ci haidirojin take zama. Jan ƙarfe yana biyan bashin duka a wuri ɗaya, a farashi mafi tsada, domin a gwaje-gwajen farko sai da aka ɗora masa kusan bolt ɗaya cur a kan abin da ƙa'ida ta nema kafin etilin ta fito da yawa.

Ta fuskar gyaran ƙarfen, su biyun ba iri ɗaya suke amsawa ba. Duk dabarar da aka yi wa azurfa, CO ɗin nan dai za ta bayar. Gyara na rage wutar da take ci ne ko ya ƙara mata sauri. Jan ƙarfe kuwa da ka taɓa fuskarsa kayansa sun canza. Hori ya yanka shi ta fuskoki daban-daban ya nuna cewa inda ƙwayoyin zarrar ƙarfen suka jeru murabba'i-murabba'i, etilin ke rinjaye. Inda suka cunkushe kusurwa uku-uku, metan ke rinjaye. A 2012 Matthew Kanan da ɗalibarsa Christina Li a Stanford suka gasa jan ƙarfe a iska har ya yi tsatsa mai kauri, suka mayar da tsatsar ƙarfe da wuta, fuskar ta fito da kaushi, ta kama aiki da ƙarancin bolt. Ko gishirin da ke cikin ruwa yana da ta cewa: in an sa na siziyam maimakon na litiyam, etilin na ƙaruwa. Wannan sassauci alheri ne ga mai bincike, amma ga mai masana'anta abin fargaba ne, domin fuskar da ka sha wahala ka tsara ba ta zama yadda ka bar ta. Ƙwayoyin jan ƙarfe na motsi yayin aiki, wasu na narkewa su sake sauka wani wuri, kayan da ke fitowa yau ba lallai su ne na mako mai zuwa ba. Hori ya kuma nuna a 2005 cewa ɓurɓushin baƙin ƙarfe da tutiya da ke ɓoye cikin gishirin ya isa ya lulluɓe farantin ya kashe shi.

Matsalar narkewa an zagaye ta ga su biyun ta hanya ɗaya. Maimakon a tsoma faranti a jira CO2 ta iso ta cikin ruwa, sai a shafa ƙarfen a kan wata takarda mai ƙofofi wadda ruwa ba ya jiƙa ta, ta kabon ko ta Teflon. Iska na bayanta, ruwa na gabanta, su haɗu a kan ƙarfen. CO2 na narkewa har yanzu, amma a cikin ɗan danshin da ya rufe ƙarfen, tafiyarta ta ragu kusan ninki dubu. Da wannan aka tashi daga miliamfiya 'yan gomomi a kowane santimita murabba'i zuwa ɗaruruwa, kuma masana'anta ba ta kallon abin da bai kai 200 ba.

A shekara ɗaya, 2018, kowane ɓangare ya nuna abin da zai iya. A Jami'ar Toronto ta Kanada, tawagar Edward Sargent ta fesa jan ƙarfe a kan Teflon, ta samu etilin kashi 70, na'urar ta yi awa 150 a haka. A Jamus, kamfanin Siemens ya ɗauko farantin azurfa da kamfanin Covestro ya riga ya ƙera don masana'antar kulorin, ya sa shi aiki a miliamfiya 300, ya yi sama da awa 1,200. CO ɗin da ya samu ma kimanin kashi 70 ne, sauran haidirojin, sai aka tura gaurayen ga wasu ƙwayoyin bakteriya na kamfanin Evonik, suka mayar da shi butanol da hegzanol. A 2020 aka buɗe ƙaramar masana'antar gwaji ta wannan tsari a garin Marl. Kashi 70 a nan, kashi 70 a can. Bambancin yana ga awanni, da kuma cewa farantin azurfar daga layin masana'anta aka ɗauko shi. Akwai wani abu kuma da ke rage wa jan ƙarfe kwana: etanol ɗin da yake yi da kansa na sa ruwa ya jiƙa takardar, ƙofofin su cika, iska ta daina shiga, sai haidirojin ya karɓe wurin.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Duk ilaktiron ɗin da faranti ya miƙa a irin wannan ruwa yana barin ƙwayar alkali ɗaya, ita kuwa da ta ga CO2 sai ta kama ta, su zama kabonet, ɗan uwan kanwa da ruwan toka. In aka buɗe na'urar bayan ta yi aiki, a kan ga farin gishiri ya daskare a bayan takardar, ya toshe hanyoyin iska. Bayan toshewa ga asara. A kan azurfa, duk CO2 ɗaya da ta zama CO, ɗaya na iya tafiya a kabonet: rabi ke nan. A kan jan ƙarfe, duk biyu da suka zama etilin, shida na iya tafiya: kashi uku cikin huɗu. Wadda ta tafi sai an sake kamo ta an tsarkake, da sabon makamashi. A 2021 masu binciken Toronto suka nuna ana iya aikin a ruwan asid don kauce wa wannan, amma asid na ƙarfafa haidirojin, kuma yana tilasta a yi ɗaya farantin da iridiyam, ƙarfen da abin da duniya ke haƙowa a shekara bai kai tan 10 ba. Ciwo ɗaya ne ya kama su biyun, na jan ƙarfe ya ninka sau uku.

Farashin ƙarfen kansa, wanda shi ne abin da mutum zai fara kawowa, ba shi da nauyin da ake zato. Gaskiya ne kilon azurfa kan kai ninki ɗari ko fiye na kilon jan ƙarfe, kuma ana haƙo jan ƙarfe sama da tan miliyan 20 a shekara, azurfa kimanin tan 25,000. Amma abin da ake shafawa kamar miligiram ɗaya ne a santimita murabba'i, wato giram 10 a mita murabba'i. In farantin zai daɗe, wannan ba komai ba ne a gaban kuɗin wutar da zai bi ta cikinsa.

Wani bincike da ya ƙara ƙarfi daga 2018, wanda Jiao na cikin jagororinsa, ya canza fasalin tambayar. In aka ciyar da jan ƙarfe da CO maimakon CO2, yana ƙulla kabon da kabon cikin sauƙi, kuma CO ba ta zama kabonet a ruwan alkali. Ke nan ana iya raba aikin gida biyu: na'urar farko ta mayar da CO2 zuwa CO, ta biyu ta jan ƙarfe ta karɓa ta ƙarasa. Cikin ilaktiron 12 na etilin, 4 a mataki na farko, 8 a na biyu. Wasu ma sun gwada jera azurfa da jan ƙarfe a takarda ɗaya, tana fitar da CO yana cafkewa. Sai dai ko a matakin farkon azurfa ba ita kaɗai ba ce a fage. Kamfanin Topsoe na Denmak ya ƙera na'ura mai aiki a zafin da ya haura digiri 700, babu ruwa a cikinta balle kabonet, tana fitar da CO da ƙarancin wuta. Azurfa ta fi ta a wurin da ake son ƙaramar na'ura mai kunnuwa da kashewa yadda rana ta fito ta faɗi.

Ga inda na tsaya bayan duk wannan. In yau aka ce a gina masana'anta, azurfa zan zaɓa, a kafa ta kusa da mai buƙatar CO, kamar masu yin asid ɗin asetik ko sinadaran soson katifa, don kada a yi jigilar guba. Aikinta ƙarami ne, amma ta iya shi, kuma an gan ta ta jure. In kuwa kuɗin bincike ake rabawa, kaso mafi tsoka na jan ƙarfe ne, domin abin da azurfa ke yi akwai wasu masu yi, abin da yake yi babu mai yi. Sai dai ban ga hujjar a ci gaba da ɗora masa aikin duka daga CO2 zuwa etilin a faranti ɗaya ba, alhali a nan ne kabonet ke cinye kashi uku cikin huɗu. A ba shi CO, a daina tseren ƙarin kashi biyu ko uku a kan 70, a mayar da hankali ga abin da ke hana fuskarsa zama wuri ɗaya. Shekara guda awa 8,760 ce, mai zuba jari kuma shekaru biyar ko fiye yake so na'ura ta yi kafin a sauya faranti, yayin da mafi yawan rahotannin jan ƙarfe har yanzu da ɗaruruwan awanni ake ƙirga su.